Zanzaron da Ya Hana Motar Malam Liman Tashi

Malam Liman ya fara sanin Maitama a shekarar 1996, shekarar sanƙarau, wadda kafin ta ƙare aka yanke Zamfara daga Sakkwato. A lokacin Malam bai daɗe da ajiye aikin malamin asibiti ba. Yana zaune a gidansa na Kaura Namoda, kusa da tashar jirgin ƙasa, shi da matarsa Saude da wata farar Fijo a-kori-kura da ya saya tun zamanin da jirgi ke shigowa Kaura kan lokaci, mutane na saita agogo da kukansa.

Wata ranar bazara yana dawowa daga Kasuwar Daji, sai ya hangi mutum tsaye a bakin hanya cikin tsakar rana, ya saɓa yarinya a kafaɗa, wuyanta a sandare kamar icce. Motoci sun yi ta wuce shi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. A shekarar nan direba na ganin wuyan da ya sanƙare sai ya ƙara wuta. Malam ya taka birki, ya buɗe ƙofa, bai ma tambayi sunan mutumin ba sai da suka isa asibiti.

A asibiti babu gado, marasa lafiya har ƙarƙashin itatuwa. Da aka yi wa yarinyar allura, Malam ya ce a kai ta gidansa, shi zai ci gaba da lura da ita tunda aikinsa ne. Saude ta shimfiɗa mata tabarma a zaure, inda iska ke ratsawa. Ta ciro zanenta na fita unguwa, shuɗi mai zanen jajayen zakaru, tana tsoma shi cikin randa tana lulluɓa wa yarinyar don zafin jikin ya sauka. Uban, Maitama, ya tsuguna a gefe, ba ci ba sha, idonsa na kan zakarun nan suna hawa suna sauka da numfashin 'yarsa. Yarinyar, Asibi, ta tashi, sai dai ciwon ya tafi da kunnenta ɗaya. Ranar da za su koma, Maitama ya rusuna zai yi godiya. Saude ta ce, "Tahi abinka, ɗiya ai ta kowa ce."

Maitama ɗan maƙeran Shinkafi ne. Ubansa garma da lauje yake ƙerawa, shi kuwa tun yana ƙarami ƙarfen da ke tafiya da kansa ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya koyi aiki a wani gareji a Gusau, ya zauna Kasuwar Daji yana gyaran injin niƙa, bayan Asibi ta warke ya dawo Kaura ya kafa rumfa ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da tashar mota. Gajere ne kakkaura, mai wushirya, mai sanyin magana. Ba ya taɓa ɗaukar sifana sai ya tsaya ya saurari mota tukuna, kansa a karkace kamar mai sauraren ƙarar da aka kawo masa. Direbobi na yabon hannunsa suna tsine wa nawarsa, don in ya ce ka dawo da azahar, to ka yi sallar magariba kafin ka leƙo. Yana da tasa motar, wata tsohuwar ƙwanƙwasa da ya ɗora kan duwatsu bayan rumfa, kullum gobe zai tada ta, har kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai.

Tun daga shekarar nan babu makanikin da ya sake taɓa motar Malam sai shi. Kai, ban da shi babu wanda ke taɓa ta ma ko da yatsa. Malam mutum ne mai haƙuri a kan komai, amma ban da motarsa. Unguwa duk an san ranar da ya kori wani ɗan'uwansa daga gida don ya jingina keke a jikinta, kuma shekara ta zagayo ba su gaisa ba. Ba ya hawan ta da damina. Ruwan fari na sauka sai ya shigar da ita rumfar da ke gefen zaure, ya cire batir, ya rufe ta da tamfol, ba za ta sake ganin rana ba sai an yanke gero.

A bazarar shekarar 2000, kafin ya ajiye ta, ya kai ta wa Maitama ya sa mata sabuwar salansa, bututun fitar hayaƙi. Tsohuwar ta ruɓe, ɓeraye sun shiga sun yi sheƙa a ciki, kuma Malam ya yi ta faɗa a kan ɓerayen nan a tsakar gida har Saude ta gaji da ji. Ita Saude mace ce da ba ta barin bakin komai a buɗe. Tulu, kwalbar man gyaɗa, ƙofar rumbu, ramin da ya ɓullo a gindin bango, duk sai ta naɗe totuwar masara da tsumma ta toshe. Maitama ya haɗa sabuwar salansar da alfahari, ya bi kowane gaɓa da walda, ya ce ko gashi ba zai ratsa ba.

A wannan shekarar ce aka fara Shari'a, mata da yawa suka ji ƙarfin zuwa neman gadonsu. Saude na da gona a ƙasar Zurmi, wadda mahaifinta ya bari. Ɗan baffanta Kamalu ya daɗe yana noma ta a kan aro, har aron ya tsufa ya fara kiran ta gonar ubansa. Saude ba ta son shari'a da jininta, amma a gonar nan aka yanke mata cibi, kuma kukar da ke tsakiyarta ita ce inuwar da ta fara sani. Ta kai ƙara. Alƙali ya ce ta kawo shaida. Cikin waɗanda suka ga ranar da aka ba da aron, aka bi iyaka ana nuna ciyawar gamba da ta raba gonaki, mutum ɗaya ya rage a duniya: Baba Sodangi na Moriki, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya zama sai kwance. An ɗaga zama saboda shi har alƙali ya gaji. Ya sa ranar wata Alhamis bayan kaka, ya ce in aka tashi sallar azahar ba a kawo shaida ba, zai ba Kamalu rantsuwa a rufe magana. Kowa kuma ya san Kamalu zai rantse, don shi har zuciyarsa ya yarda gonar tasu ce.

Alhamis kuwa kasuwar Shinkafi ce. Duk abin da ke da taya huɗu a Kaura can yake nufa tun asuba. 'Yan kabu-kabu an hana su ɗaukar mata, ballantana tsoho da ba ya zama. Malam bai damu ba. Ya sa katifa a bayan a-kori-kura, ya sayo galan na fetur wurin 'yan bumburutu, don gidajen mai a bushe suke, ya karɓo batir daga caji. Saude ta ce ko zai gwada ta tun Laraba. Ya ce ba shi da man da zai ƙona a banza, kuma motar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ranar Alhamis, da hantsi ya fara ɗagowa, Malam ya yaye tamfol, ya ɗaura batir, ya juye mai, ya yi bisimilla ya murza makulli. Injin ya juya da ƙarfi, gir-gir-gir. Ya yi tari sau ɗaya kamar zai kama, ya mutu. Ya sake murzawa. Gir-gir-gir. Shiru.

Saude na tsaye a bakin zaure cikin hijabi, ƙullin goron da za ta kai wa Baba Sodangi a hannunta. Idonta na kan motar. Wannan kallon ya fi faɗa ciwo a wurin Malam.

Umar mai shayi, wanda teburinsa ke kallon gidan, shi ya fara tsallakowa. Umar gidan rediyon unguwa ne, abin da ya gani da safe kafin azahar ya kai tashar mota, kafin la'asar an ƙara masa gishiri a Kasuwar Daji.

"Malam, amarya ta yi yaji ke nan? Ai na ce maka man 'yan bumburutu rabinsa kananzir ne."

"Je ka kira mini Maitama," in ji Malam, "ka bar ni da wa'azi."

A ranar, abin da Kaura ba ta taɓa gani ba, Maitama ya zo da gudu. Ya gaida Malam, ya rusuna wa Saude, "Inna, an tashi lahiya?" Sannan ya karkata kai ya ce a murza. Ya saurara.

"Batir lahiya lau, kik lahiya lau. Tana son tashi, wani abu ke riƙe ta. Malam, abu ukku mota ka so: mai, wuta, iska. Mu bi su ɗai-ɗai."

Ya buɗe bonet, ya zare tiyon da ke kai mai kafireta, ya ce a murza. Fetur ya yi tsartuwa. Ya tara tafin hannu, ya shinshina, ya hura. Nan take ya bushe, bai bar maiƙo ba.

"Mai na gari ne, Umaru. Ka nemi gafarar 'yan bumburutu."

"Sai in sun nemi tawa," in ji Umar.

Ya zare wayar fulogi ɗaya, ya kusantar da bakinta jikin injin. Malam ya murza, wuta ta yi tsalle, shuɗiya, tas-tas. Duk da haka ya buɗe kan distirbita ya goge kwantak da samfefa, don wata huɗu a ajiye kan sa shi tsatsa. Ya kwance fulogai, ya same su jiƙe da fetur, ya ƙona su a murhun Umar suka bushe, ya mayar. Ya cire murfin matatar iska ya duba, ba sheƙar ɓera, ba komai. Aka murza. Injin ya kama na ɗan ƙiftawar ido, ya yi atishawa ta kafireta, ya mutu.

Mutane sun fara taruwa. Wani ya ce a tura ta. Aka tura ta har bakin titi, Malam ya saki kuloci, ta yi tsalle kamar akuya ta tsaya. Aka sake turo ta gida. Wani ya ce baki ne, a yi mata hayaƙi. Inuwar katanga na ta janyewa. Malam ya dubi agogonsa, ya lissafa hanyar Moriki, da ɗauko tsoho a hankali, da hanyar Zurmi, ya ga lokaci na ƙure masa. Ya fito ya daki ƙofar motar da tafin hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Wani ya taɓa motar nan," in ji shi. "Wallahi in na gano wanda ya taɓa ta, ko wane ne, sai ya raina kansa."

Maitama shi ma hankalinsa ya tashi, har ya fara zargin kansa, ko ya karkata distirbita da bazara bai mayar daidai ba. Ya duba, daidai take. Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa, ya zagaya motar kamar mai neman abin da ya yar. Da ya kai baya sai ya tsaya cak.

"Malam, duk murzawar ga da muke yi, ka ga hayaƙi?"

Malam ya yi tunani. "Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba. Mun duba iskar da ke shiga, ba mu duba mai hita ba. Shiga ka murza."

Ya tsuguna ya tara tafin hannu a bakin salansa. Injin ya juya, ya juya. Ko numfashin jariri bai taɓa hannunsa ba. Ya leƙa, ya ga bakin a liƙe da busasshiyar laka, ginin zanzaro. Ya fasa da sukundireba. Ya zura waya, ta tafi kamar tsawon ɗani ta ci karo da wani abu mai tauri. Zanzaro ba ya gini irin wannan.

Ya ɗago ya dubi taron. "Jama'a, ku koma gaba ku riƙe mini ita, kada ta gangaro ta taka ni. Umaru, kai ke da ƙarhi, riƙe wajen hitila."

An ja wa motar birkin hannu, babu inda za ta gangara, amma kowa na son a ce da shi aka yi, duk suka koma gaba. Malam na zaune a kujerar direba, idonsa ya faɗa kan madubin gefe. Ya ga Maitama ya lanƙwasa bakin waya, ya murɗa ta ciki, ya dafa ƙafa a taya ya ja, ya sake ja, har wani dogon abu baƙi ya fito. Ya ga ya juya abin a hannunsa, ya kankare shi da farce, ya tsaya yana kallonsa fiye da yadda ake kallon datti. Sannan ya cusa shi cikin aljihun rigar aiki, ya tattara ɓaraguzan laka daga ƙasa ya miƙe. Malam bai kawo komai a ransa ba. Hankalinsa na kan rana.

"Murza, Malam."

Motar ta yi tari, ta yi wata irin gyatsa, ta watso baƙin hayaƙi da ƙura har kan tebur ɗin Umar, sannan ta kama. Ta daidaita murya kamar jiya aka kashe ta. Aka yi kabbara.

"Mi ne ne? Mi ka gani?" in ji Umar, ya zagayo da sauri.

Maitama ya buɗe hannu ya nuna laka. "Zanzaro ne. Ya ga gida sabo ba haya, ya tare da iyalinsa."

"Zanzaro! Ɗan ƙwaron da bai kai yatsa ba ya kama motar Malam da kokawa!" Umar ya riƙe ciki.

"Laihina ne," in ji Maitama. "Da tsohuwar salansa ce mai huji goma, da ta sami inda ta yi numfashi. Ni na liƙe ta da yawa."

Malam ya waiwaya zai kira Saude, ya ga ta dafe baki da hannu, idonta na kan Maitama, ta yi fari kamar wadda ta ga maciji ya wuce ta kan ƙafarta. Ya ɗauka murna ce. Ya ce, "Ke, shigo mu tafi, rana ba ta jiran kowa."

Maitama ya haye baya ya zauna kan katifa ba tare da an ce ya zo ba. Shi ya tallabo Baba Sodangi a Moriki, shi ya riƙe kansa a cinya duk ramukan hanyar Zurmi, yana kare masa rana da hularsa. Suka isa alƙali na shirin tashi sallar azahar. Aka shigo da tsohon a kan katifarsa. Bakinsa ya karkace amma hankalinsa garau. Ya faɗi shekarar da aka ba da aron, ya faɗi inda gamba ta fara da inda ta tsaya, har ya faɗi cewa uban Kamalu ya zo da damin dawa a kakar farko don a san aro ne. Kamalu ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai taɓa jin zancen damin ba. Alƙali ya karɓi shaidar, ya haɗa da rantsuwar Saude, ya mayar mata da gonarta. A bakin ƙofa ta kira Kamalu ta ce ya ci gaba da noma ɓangaren gabas, amma ya riƙa kawo dami.

A hanyar dawowa Malam har waƙa ya yi, wata tsohuwar waƙar makaranta da ya manta rabinta. Da suka sauka a Kaura, Saude ta shiga gida ta fito da kwanon fura ta miƙa wa Maitama da hannu biyu, ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ya karɓa ya ce, "Allah ya saka, Inna," ya shanye ya tafi.

Labarin zanzaro ya zagaya Kaura. Direbobi suka koyi leƙa salansa in mota ta daɗe a ajiye. Umar ya ci kasuwarsa da labarin har ya kai zanzaron girman tantabara.

Bayan ƙaramar salla Malam ya kai motar juyen baƙin mai. Yana zaune kan benci ƙarƙashin dogon yaro, Asibi ta kawo wa ubanta abinci, ta zama budurwa, tana juyo da kunnenta mai ji in ana magana. Maitama ya buɗe akwatin kayan aiki zai ɗauko sifana. A jikin marfin, daga ciki, an ɗaure wani ɗan ƙyalle da waya. An wanke shi tas, amma baƙin hayaƙi bai fita duka ba. Shuɗi ne da ya koɗe, da rabin jan zakara a jiki.

Malam ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna madubi. Ya tuna hannun Saude a kan bakinta. Ya tuna faɗan ɓerayen da ya cika tsakar gida da shi, da bakin tulu, da kwalbar man gyaɗa. Ya tuna kuma abin da ya rantse zai yi a gaban Umar da rabin unguwa, ya ji kunya ta sauko masa har tafin ƙafa.

"Maitama, wannan ƙyallen fa?"

Maitama bai ɗago daga ƙarƙashin bonet ba. "Na zanzaro ne, Malam."

"Zanzaron Kaura har atamfa yake ɗaurawa?"

"Mai kirki ne. Na san shi tun shekarar sanƙarau."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Asibi ta tambayi abin da aka ce, ubanta ya ce ba komai, ta zuba wa Malam ruwa. Maitama ya rufe akwatin, ya ɗauki kwanon tarar baƙin mai, ya shige ƙarƙashin mota.

Malam bai taɓa ɗaga maganar a gida ba. Da damina ta sake zagayowa, ya shigar da motar rumfa, ya cire batir, ya ja tamfol. Sannan ya leƙa tsakar gida ya ce wa Saude ko tana da totuwa da ɗan tsumma, ya ji an ce suna maganin zanzaro, amma a bar jelar tsumman a waje yadda mutum zai gani.